Takardar da taubashina ya kawo daga Tunis

A danginmu ni ne mai karanta takarda. Wanda ya je likita aka rubuta masa magani da Faransanci, da wanda aka aiko wa sammaci, da mai rigimar fili, duk ƙofar gidana suke fara tsayawa. Shekara ashirin ke nan ina wannan aikin da ba shi da albashi, amma ban taɓa riƙe takardar da ta nemi kashe aure ba sai bara, da taubashina, ɗan Gwaggo, ya dawo daga jinya a Tunis.

Mutumin ya ba hamsin baya da kaɗan. Siminti da kwanon rufi yake sayarwa a nan Maraɗi. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, giya kuwa ko kusa, goro ne kawai abin nasa. Wata rana muna zaune a fada bayan la'asar, ana jiran shayi na biyu, ya kama hannuna ya ɗora a gefen wuyansa na hagu, ƙasan muƙamuƙi. Na ji wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwarar goro. Na tambaye shi ko da zafi, ya ce ko kaɗan. Sai na ce masa: "Kaluluwa ce, malam, za ta tafi da kanta. Kai dai ragwanta ta yi maka yawa." Aka yi dariya. Har yau in na tuna wannan dariyar sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, don ni ne ɗan bokon fadar, kuma maganata ya ɗauka.

Kaluluwar ba ta tafi ba. Bayan wata biyu ya fara cewa in ya haɗiyi tuwo sai ya ji kamar ƙaya ta maƙale masa a gefe guda. Gwaggo ta ce belu ne, aka kira wanzami ya yanke. Da bai ji sauƙi ba aka yi masa ƙaho a wuya. Ya sha ƙwayoyin masu tallar magani a faranti, ja da rawaya, har ya san sunayensu. Daga baya kunnen hagu ya kama ciwo, aka yi ta ɗiga masa magani a kunnen da lafiyarsa lau. Wata takwas cur aka yi ana wannan zagayen kafin wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Yamai ya leƙa can ciki, ya yanki ɗan nama aka kai awo. Sankara ce, a ɗaya daga cikin tsokokin nan biyu da ke gefen belu, waɗanda muke kira ƴan wuya. Ƙullutun da na taɓa da hannuna reshenta ne da ya riga ya sauko wuya.

Ya sayar da fili ɗaya da motar ɗaukar kayansa ya tafi Tunis. Mako bakwai ana gasa wurin da haske, ana kuma sa masa magani ta jijiya. Ya dawo a rame, baki a bushe, da robar ruwa a hannu ko'ina ya je, amma da ransa. Mun yi hamdala. Rigimar ta tashi ne daga jakar takardunsa.

Babban ɗansa, wanda ke aji na ƙarshe a lise, ya buɗe jakar ya ga wasu haruffa uku da lamba, HPV 16, an rubuta a gabansu cewa an same ta a naman. Ya buga a salularsa. Layin farko da ya fito masa ya ce ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar jima'i. Yaro bai karanta layi na biyu ba, ya kai wa uwarsa. Kafin magariba gidan ya kama da wuta. Uwargida ta tuno masa duk tafiye-tafiyen sarin kaya da ya yi Kwatano da Lome. Gwaggo kuwa ba ta yarda ɗanta na da laifi ba, sai ta juya kan amarya, wadda bazawara ce ya aura shekara huɗu da suka wuce. Washegari amarya ta kwashe kayanta ta tafi gidansu. A daren ne aka kawo mini takardar, Gwaggo da kanta, ta ce: "Ɗana, karanta ka faɗa mini gaskiya, wa ya sa masa?"

Na ce ta ba ni kwana uku. A makarantar horon malamai an koya mana zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da sanƙarau, da sida, amma ban taɓa jin sunan wannan ƙwayar ba sai a maganar sankarar bakin mahaifa, ita ma sama-sama. Me ya kai cutar mahaifa maƙogwaron namiji? Na zauna na yi karatu irin wanda rabona da shi tun jarrabawar fita, na kuma je wurin wani tsohon ɗalibina da ya zama likita, na zauna a gabansa kamar ɗan aji ɗaya.

HPV sunan dangi ne. Akwai irinta fiye da 200, an ba kowace lamba. Galibinsu ba sa yin komai, wasu tsiro kawai suke fitarwa a fata. Kamar goma sha biyu zuwa sha huɗu ne masu iya kai mutum ga sankara, kuma uwarsu ita ce mai lamba 16. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano ta a naman sankarar bakin mahaifa a 1983, ya gano mai lamba 18 a shekarar da ta biyo, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan biyun ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa a duniya.

Maganar maƙogwaro daga baya ta fito. Tun da can likitoci sun san sankarar baki da maƙogwaro a matsayin ciwon tsoho mashayin taba da giya. Sai a Amurka da arewacin Turai aka lura shan taba na raguwa, amma sankarar ƴan wuya da ta gindin harshe na ƙaruwa, kuma masu zuwa da ita maza ne masu shekara arba'in zuwa sittin, da yawansu ba su taɓa shan taba ba. A shekarar 2000 wata likita, Maura Gillison, da abokan aikinta a jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa ƙwayar HPV, musamman 16, tana zaune cikin ƙwayoyin naman waɗannan sankarorin, ita ce ke tuƙa su. Yau a Amurka kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar wannan wurin ana danganta su da ita, har ta wuce ta bakin mahaifa yawa a can. Maza kuma sun fi mata kamuwa da ita ninkin-ba-ninkin.

Yadda take ɓarnar ya ba ni sha'awa, ni da aikina ke nan tsaron yara. Kowace ƙwayar halittar jikinmu tana da masu tsaro biyu. Ɗaya, wanda masana ke kira p53, shi ne mai duba kwafi: in ya ga kuskure a rubutun halitta sai ya tsayar da aiki, a gyara ko a kashe ƙwayar. Ɗayan, Rb, mai gadin ƙofa ne, ba ya barin ƙwaya ta rabu biyu sai lokaci ya yi. HPV tana ƙera wasu sinadarai biyu, E6 da E7, ɗaya ya kawar da mai duba kwafi, ɗaya ya ɗaure mai gadi. Duk malamin da ya taɓa barin aji ba kowa ya san abin da ke biyo baya. Ƴan wuya kuma suna da ramuka masu zurfi, fatar cikinsu siririya ce, wurin ɓuya mai kyau. Shi ya sa ciwon kan fara a lungun da madubi ba ya nunawa, mutum bai san da shi ba sai ya sauko wuya ya zama ƙullutu marar zafi.

To ta yaya take isa can? A nan ne alƙalamina ya tsaya, na daɗe ina juya yadda zan rubuta. Sai na tuna cewa a zaure, gaban malam, muna yara aka karantar da mu Ahalari da Risala, aka yi mana bayanin haila da maniyyi da wankan janaba filla-filla, ba wanda ya ce malam ya yi rashin kunya. Don haka ga shi: ƙwayar tana bin haɗuwar fata da fata a wurin saduwa, kuma babbar hanyarta zuwa maƙogwaro ita ce sa baki a al'aura. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa waɗanda suka yi irin wannan da mutum shida ko fiye a rayuwarsu sun fi sauran haɗarin wannan sankarar sau uku da wani abu. Ba zan ɓoye wannan ba don in faranta wa wani. Yawan abokan kwanciya yana ƙara haɗari, kuma abin da addini ya hana mu, ga wani dalili kuma a kansa. Kwaroron roba yana ragewa, amma ba ya rufe duk fatar da ke haɗuwa.

Amma akwai sauran bayanin da yaron bai karanta ba, kuma shi ne amsar Gwaggo. HPV ita ce ƙwayar da ta fi kowace yaɗuwa ta wannan hanyar. Kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, ya gamu da wani irinta a rayuwarsa, kuma ana iya ɗaukarta ko da da mutum ɗaya aka taɓa zama. Ba ta da alama. Tara cikin goma jiki ne ke kawar da ita da kansa cikin shekara biyu, mai ita bai ma san ta zo ba. A ƴan kaɗan ne take maƙalewa, kuma daga maƙalewarta zuwa ta zama sankara ana ɗaukar shekaru masu yawa, sau tari fiye da goma, wani lokaci ashirin ko talatin. Babu awon da zai nuna ranar da ta shiga ko wanda ya kawo ta.

Mu duba gidajenmu da idon gaskiya. Namiji ya yi aure yana saurayi ya rabu, ya sake, ya ƙara ta biyu, ta uku. Mace ta yi aure biyu ko uku, kowane da sadaki da shaidu. Taubashina kansa ya yi wani aure na wata goma yana ɗan ashirin da biyu, wanda kowa ya manta da shi sai ni. Ƙwayar ba ta tambayar ko an ɗaura aure. Tana iya zagaya gida mai mata uku ba tare da ko ɗaya cikinsu ta taɓa saɓa wa Allah ba. In kuwa lissafin shekaru za a bi, amaryar da ta shigo shekara huɗu da suka wuce ita ce ta fi kowa nisa da zargi.

Haka na faɗa wa Gwaggo, a ɗakinta, ina zaune a ƙasa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce: "Ku ƴan lakwal komai sai kun samo masa hanya." Ban ci nasara a kanta ba, kuma ban yi mamaki ba. Shi dai mai ciwon ya ji. Abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne da na gaya masa an bincika matan masu irin wannan sankarar a Amurka, ba a samu ƙwayar a bakinsu fiye da sauran mutane ba. Sankara ba a ɗaukarta a kwano ko a moɗa. Don tun da ya dawo an ware masa kofinsa da cokalinsa, shi kuwa wannan ya fi gashin hasken yi masa zafi.

Akwai gyara guda da ya kamata in yi, kada wani ya karanta wannan ya riƙa kallon duk mai ciwon maƙogwaro da wata fuska. Kashi 70 ɗin nan na Amurka ne. In aka haɗa duniya duka, kusan kashi 30 ne na sankarar ƴan wuya da gindin harshe ke da nasaba da HPV, kuma binciken da aka yi a Senegal da Mozambik ya samu kaɗan ƙwarai. Sankarar cikin baki sosai, wato leɓe da dasashi da gaban harshe da kumatu, ita rabon HPV a cikinta ƙanƙane ne ko'ina. Taba da giya ne manyan masu laifi a nan, har da tabar da dattawanmu ke cusawa a kumatu da ɗan kanwa, da shishar da samarinmu suka ɗauka kamar turare ce. Taba ma tana taimaka wa HPV ta daɗe a baki. Da takardar taubashina ba ta ambaci ƙwayar ba, da ba wanda zai ce uffan, alhali ciwon da ƙwayar ta kawo ya fi jin magani. A wani babban bincike na 2010, bayan shekara uku da jinya, kashi 82 na masu HPV suna raye, na marasa ita kuwa kashi 57. Haruffan da suka kori amarya daga ɗakinta, a wurin likita albishir ne.

Abin da ya fi ci mini rai bai wuce wata takwas ɗin nan ba. Bakin mahaifa ana iya duba shi tun ciwo bai kama ba, amma maƙogwaro ba shi da irin wannan awon. Abin da muke da shi kawai shi ne lura. Kaluluwar yaro mai mura daban, ƙullutu marar zafi a wuyan babban mutum daban. In ya wuce mako uku bai tafi ba, ko ciwon maƙogwaro ya tsaya a gefe ɗaya, ko kunne ɗaya na ciwo ba ruwa ba ƙuraje, ko murya ta sauya, ko gyambon baki ya ƙi warkewa, wannan na likita ne, kuma a nemi mai leƙa maƙogwaro. Ina girmama wanzamai, wanzami ne ya yi mini aski ranar suna, amma askarsa ba ta da aiki a nan. Tun 2021 akwai na'urar gashin sankara a Yamai. Na'ura kuwa ba ta da amfani ga wanda ya iso bayan ciwo ya gama cin wuya.

Sai maganar yaranmu, wadda ita ce ta sa na rubuta wannan maimakon in bar shi sirrin gida. Wannan ƙwayar tana da allurar riga-kafi tun 2006. Ba ta warkar da wanda ya riga ya ɗauka, shi ya sa ake yin ta tun yaro bai san komai ba, tsakanin shekara 9 da 14, wato ƴan CE2 zuwa farkon kwaleji, waɗanda ke zaune gabanmu kullum. Ruwanda ta fara yi wa ƴan matanta a 2011, Senegal a 2018, maƙwabtanmu Najeriya a watan Oktoba na 2023. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ma tana wadatarwa a wannan shekarun. Ƙasashenmu ƴan mata suka sa gaba, kuma da hujja: sankarar bakin mahaifa tana kashe mata kusan 350,000 a shekara a duniya, galibinsu a ƙasashe irin namu, kuma a Nijar tana sahun gaba tare da ta nono. In an yi wa mata da yawa, mazan da za su aure su ma sun samu kariya. Ƙasashen da ke da hali sun haɗa da yara maza, Ostireliya a 2013, Ingila a 2019, Faransa a 2021, kuma sankarar maƙogwaro na cikin dalilansu.

Na san abin da za a ce, don na sha ganinsa. Ranar da aka ce masu allura ko masu rabon maganin tsutsar ciki za su zo lakwal, rabin ajina ba ya zuwa. Jita-jitar hana haihuwa da ta tsayar da allurar shan-inna a Kano a 2003 ba ta mutu ba, ta dai koma WhatsApp. Wannan kuma za a ƙara mata da cewa allurar cutar jima'i ce, yi wa yarinya ita kamar ba ta lasisi ne. Wani uba ya faɗa mini haka a taron iyayen yara, na ce masa: "Alhaji, ƴarka za ta yi aure ko ba za ta yi ba? Ka san matan da mijin nata ya aura kafin ita, da waɗanda zai aura bayanta?" Ya yi shiru. Ban ce ya yarda ba. Amma iyaye mu suke tambaya in sun ga farar mota a farfajiya, kuma malamin da ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma bai sani ba, ya riga ya ba da amsa. Ina da ƴa mai shekara goma sha ɗaya. Ranar da allurar ta iso gabanta, ni zan riƙe mata hannun riga.

Taubashina ya je biko da kansa, da robar ruwansa, bayan sati biyar. Amarya ta dawo. Gwaggo har yanzu ba ta cin abincin ranar girkinta, uwargida kuma ba ta daina maganar Kwatano ba, sai dai yanzu da murmushi a ciki wani lokaci. Tsohon ɗalibin nawa ya ba da shawara matan biyu su je a duba musu bakin mahaifa, ya ce wannan awon ya kamaci duk macen da ta kai talatin, ko mijinta na ciwo ko ba ya yi. Aka yi ta ja, kowace na cewa ita lafiyarta ƙalau, ɗayar ce ya kamata ta je. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya zo ya same ni ina gyaran kwafin yara, ya ce: "Mushe, bawana, tunda kai ka ce kaluluwa ce, ka biya bashinka. Ka sa matarka ta shiga gaba." Ranar Talata da safe su uku suka shiga adaidaita ɗaya, shi ya biya kuɗin.